Labbo Shige-da-Fice da Mai Goyon Ciki

Idan ka baro Bungudu ka wuce Furfuri, ka saki kwalta ka hau burji, za ka yi ta faɗawa ramuka har hanjinka ya fara tambayar laifin da ya yi maka, sannan ka iso Tungar Ɗinya. Kafin ka ga gida ko ɗaya, gora za ka fara gani. Doguwa ce, an gitta ta a kan hanya, an ɗaure mata tsohuwar taya cike da duwatsu a gindi don ta yi sauƙin ɗagawa. A gefenta akwai benci a inuwar ɗorawa, a kan bencin kuma akwai Labbo.

Labbo ya ba sittin baya. Gajere ne, kunnuwansa sun yi wa kansa yawa, mutanen gari kuma sun ce Allah bai ba shi su a banza ba. Tun da aka ɗora shi a kan gorar samari suka laƙaba masa Labbo Shige-da-Fice. Ya yi fushi kwana biyu, a na uku ya fara amsawa. Yanzu in ka kira shi Labbo zalla, sai ya yi kamar da wani kake.

Abin dariyar shi ne, duk ƙasar Bungudu da wuya a samu wanda ya tsallake shingen mutane ba izini kamar mutumin nan. Yana ɗan shekara goma sha uku ya yar da fartanya a tsakiyar kunya ya bi motar gyaɗa zuwa Gusau, don kawai yana son ganin inda jirgin ƙasa yake kwana. Ya yi karen mota tsakanin Gusau da Funtuwa, ya leƙa Maraɗi, ya kai Agadas ba wanda ya aike shi. Daga baya ya tafi umara ya manta hanyar dawowa, ya share shekara huɗu a Jidda yana wankin motoci ba igama, wato takardar izinin zama. Ranar da askarawa suka yi kame, kowa ya watse, shi kuwa yana tsaye da soso a hannu yana jiran wani ɗan Bangaladash ya ƙarasa yi masa bayanin yadda suke noman shinkafa a cikin ruwa. Aka sako shi a jirgi da jallabiya ɗaya da takalma biyu da ba su taɓa sanin juna ba.

Da ya dawo sai ya kama kamasho a tashar Tsafe. Shekara ashirin da biyu yana ihun saura mutum ɗaya alhali direba ne kaɗai a motar. A nan ya haddace fuskoki da garuruwa, domin ba fasinjan da zai zauna bai sha tambaya ba: wane gari, wa ke limanci yanzu, rijiyar bakin kasuwa ta ƙafe ko tana nan. Ba gulma yake yi da amsar ba, tara ta kawai yake kamar yadda wasu ke tara tantabaru. Matarsa Hafsatu takan ce ko likita ya je gani, sai likitan ya fara faɗin inda yake masa ciwo.

Gwiwa ce ta maido shi gida, ya tarar daji ya lalace. ’Yan bindiga sun hana noma mai nisa, sun hana kiwo, ana ɗaukar mutane kamar kaji. Kwamitin tsaron gari ya gitta gora, ya ajiye ’yan banga a bayan ganuwa, ya kafa doka: baƙo ba ya shiga sai da takardar mai garinsu, sai kuma wani ɗan gari ya tsaya masa. Da aka zo neman wanda zai zauna yana yi wa mutane tambaya daga safe zuwa la’asar, ba a ma yi ƙuri’a ba.

Labbo ya ji daɗin aikin har ya yi ƙiba. Takarda ba ta dame shi ba, don karatun bokonsa bai wuce lambar mota ba, hatimin kawai yake dubawa. Da baki yake tace mutane. In ka ce daga Damba kake, zai tambaye ka mai shayin da ke kusa da masallaci, in ka yi jinkiri ya ce ka zauna ka tuna.

Sai wani mai gyaran rediyo da tocila ya zo. Takardarsa tsaf, amsoshinsa tsaf, har ya san sunan karen wani mahauci a Tsafe. Labbo da hannunsa ya ɗaga masa gora, ya ba shi ruwa a butarsa. Mutumin ya yi kwana uku yana zaga gidaje da gonaki. Bayan mako guda, da rana tsaka, aka ɗauke ’ya’yan Alhaji Salisu biyu a gonar fadama, kuma waɗanda suka zo sun san gonar, sun san lokacin. Ƙaramin ya dawo bayan wata biyu. Babban, Umar, bai dawo ba.

Alhaji Salisu mai sayar da hatsi ne, kuma taubashin Labbo. Tun suna yara suke zagin juna da wasa, Salisu ya kira shi Kunnen Zomo, shi ya kira Salisu Rumbu. Daga ranar nan wasan ya mutu ba wanda ya yi masa jana’iza. Salisu ya zama shugaban kwamiti, aka ƙara wa doka gishiri. An gano mai rediyon daga wani garin sulhu ya fito, wato irin garuruwan da suka gaji da gudu suka daidaita da mutanen daji: a bar su su yi noma, su kuma su yi musu aikin gona, su sayar musu da abinci, su kame bakinsu. Kwamiti ya ce duk mutumin garin sulhu ba ya shiga, ko da takardar zinariya ya zo. Wanda kuma ya tsaya wa baƙo har wani abu ya faru, zai tattara komatsansa ya bi baƙon.

Ana cikin haka, wata Talata da hantsi, gero ya fara fitar da kai, a-kori-kura ta tsaya nesa kaɗan da gorar. Aka sauke itacen kirya dami shida, da babbar tukunya, da buhun gero, da ƙullin kanwa da kayan yaji. Motar ta juya da sauri kamar an ce mata ga kura. Aka bar mace da namiji a tsaye. Macen ta tako a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, mayafinta ya kasa ɓoye abin da ke gabanta.

Labbo bai buƙaci tambaya ba. Wanda ya ga itace da tukunya da kanwa a bayan mai ciki ya san goyon ciki ne. Al’ada ce tun kaka da kakanni: cikin fari in ya kai wata bakwai, mace takan koma ɗakin uwarta ta haihu, ta yi wankan jego kwana arba’in, miji kuma shi ke kawo itacen dafa ruwan.

“Wa nike gani kamar Rukayya ta Attahiru tela?” in ji shi.

“Ni ce, Baba. Ina kwana?”

“Lahiya lau. Ashe abin ya yi nisa. Wanga shi ne mai laihin?”

Saurayin ya sunkuyar da kai ya durƙusa ya gaishe shi. Sunansa Rabi’u. Ya ciro takarda daga cikin leda, ya miƙa da hannu biyu, da alamar mutumin da ya yi abin da ya dace. Labbo ya dubi hatimin, ya sake duba. Marken Daji, a ƙasar Tsafe. Lokacin da aka kai Rukayya can gari ne kamar kowane gari. Watanni biyar da suka wuce suka yi sulhu.

Wasu da suka fito daga irin garuruwan nan sukan yar da takarda a hanya su ce daga Gusau suke. Shi wannan bawan Allah kwana biyu ya yi yana bin mai garinsu don a buga masa hatimin da zai rufe masa ƙofa.

Labbo ya kwance tabarmar sallarsa ya shimfiɗa wa Rukayya a inuwa ta wajen gora, ya ba ta ruwa, ya ce wa ɗaya daga cikin ’yan banga ya kira Alhaji Salisu da Attahiru. Sannan ya lura da wani abu da ya tsaya masa a rai. Rabi’u ya zauna a kan damin itace, amma ya ba gari baya, yana fuskantar hanyar da suka fito.

“Kai, surukin Attahiru. Garinmu wari yake yi?”

“A’a, Baba.”

“To mi ya sa ka ba shi ƙeya?”

Rabi’u ya ce ba tare da ya juyo ba, “Su ma suna da shinge a hanyarmu.”

Kunnuwan Labbo suka miƙe. Ya jawo benci ya matso. “Gora ce irin tawa?”

“Igiya ce.”

“Igiya. To mi suke tambaya?”

“Daga ina, zuwa ina, wurin wa.”

“Kai, ’yan banza, har aikina sunka sace. Suna duba takarda?”

“Ba su duba takarda. Waya suke dubawa.”

“Kun gaya musu nan za ku?”

“Mun gaya musu. Ba a yi musu ƙarya, sun san dangin kowa.”

“In ka koma fa?”

“Za su ce mi na gani. ’Yan banga nawa, bindiga nawa, gidan wa ke da shanu.” Ya ƙara kafa wa hanya ido. “Baba, ba ni yi maka alkawalin da ban iya cikawa. In bakin bindiga na wuyana, abin da na gani zan faɗi. Shi ya sa ban son in gani.”

Labbo ya daɗe yana kallon ƙeyar yaron. A shekara ashirin da biyu na tasha ya ji ƙarya iri-iri, har ya iya bambanta ta Funtuwa da ta Gusau. Gaskiya irin wannan, wadda ke tona wa mai ita rami, bai saba da ita ba. Amma ya tuna mai rediyo ma ya burge shi.

Ya juya ga Rukayya. “Can ba ungozoma?”

“Ta gudu Tsafe tun bara. Asibitin an rufe. Mata biyu sun rasu wurin haihuwa bana, Baba.” Ta faɗe shi a hankali, tana kallon ƙafafunta da suka kumbura.

Attahiru ne ya fara isowa, da tef ɗin awo a wuya, yana haki. Ya tsaya ta ciki, ’yarsa ta waje, suka gaisa gora na tsakaninsu. Alhaji Salisu ya iso a bayansa, ya karɓi takardar ya karanta a tsaye. Labbo bai rage masa komai ba, har zancen igiya da tambayar da ke jiran Rabi’u.

“To ai magana ta ƙare,” in ji Salisu. “Shi da bakinsa ya faɗi.”

“Shi ya faɗi nasa. Ita fa?”

“Mace garin mijinta shi ne garinta.”

“In ya sake ta yau, ina za ta? In ta mutu, a ƙofar wa za a zauna karɓar gaisuwa? A garin nan anka binne cibiyarta, Alhaji. Cikin fari a ɗakin uwa ake sauke shi tun ba a haifi kakan wagga gora ba.”

“Al’ada ba ta tare harsashi. Yau ita, gobe kowace mai ciki daga daji ta taho da miji da ƙanen miji da waya a ƙugun zane. Mu nawa ne a garin nan? Don mutum ɗaya in buɗe wa dubu uku wuta?”

“Ban ce ba ka da gaskiya ba.”

“Mai rediyo ma kai ka ɗaga mashi.”

’Yan banga suka sami abin kallo a ƙasa. Labbo yana da amsa a bakinsa, kuma mai kaifi ce. Umar ɗin nan a Tsafe aka haife shi, a ɗakin kakarsa, kuma Labbo ne ya sauke uwarsa daga gidan gaba na mota a tasha ranar da ta zo goyon ciki, ya ɗauke mata ƙullin kanwa. Maganar ta zo har bakin haƙoransa. Ya dubi fuskar taubashinsa, yadda ta zube cikin shekara ɗaya, ya mai da ita ciki. Mutanen da suka san Labbo sun ce wannan ne karo na farko da aka ga ya haɗiye zance.

“Ni na ɗaga mashi,” ya ce. “Kullum da shi nike kwana. Amma in na mai da yarinyar nan ta mutu a hanya, su biyu za su zama, kuma ƙirjina ƙarami ne.”

Attahiru ya ce shi ya tsaya wa ’yarsa. Salisu ya girgiza kai, ya ce doka ba ta karɓar tsayawar uba, don uba ko ɓarawo ya haifa zai tsaya masa.

“To ni na tsaya,” in ji Labbo.

“Ka san abin da ke kai?”

“Da ni anka kafa dokar. In wani abu ya faru, ni da Hafsatu da akuyarmu mu bar maku gari.”

Salisu ya yi ta juya takardar a hannunsa. Da ya buɗe baki, sharuɗɗa ne suka fito. Rukayya ita kaɗai za ta shiga. Wayarta ta koma da mijinta. Ba ta fita sai ta yi arba’in, sannan kwamiti ya zauna a kan komawarta. Rabi’u ba ya taka cikin gari, ko ranar suna. Kaya kuma a bincike su ɗaya bayan ɗaya.

Haka ’yan banga suka kwance damin kirya shida suna ƙwanƙwasa kowane ice, suka zura sanda a buhun gero, ɗaya har ya leƙa cikin tukunya kamar mai neman aljani. Labbo ya danna tayar, gora ta tashi, Rukayya ta wuce ƙarƙashinta. Ba ta yi wa mijinta sallama da baki ba, saboda idon uba. Shi ma bai juyo ba. Ya tashi ya kama hanyar kwalta a ƙasa.

Da labari ya kai gida, Hafsatu ta ajiye muciya ta ce, “Ni da akuya ba inda za mu. Wanda ya yi alkawali shi ka tahiya.” Amma washegari ita ce ta fara kai wa Rukayya kunun kanwa.

Wata biyun da suka biyo baya sun zaftare ƙibar da Labbo ya tara. Ko tayar babur ta fashe sai ya miƙe zumbur. Da aka kore shanu a wani ƙauye kusa, ya ga yadda mutane ke wuce bencinsa da gajeriyar gaisuwa. A kasuwa wani ya tambaye shi ko ya fara neman ɗakin haya a Gusau. Ya yi dariya, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Shi kansa bai san ko daidai ya yi ba, kuma ba wanda zai tambaya, abin da ya fi komai ci masa rai ke nan.

Naƙuda ta zo da gardama. Yini guda ungozoma da malamar asibitin garin suna kanta, har aka fara zancen neman mota zuwa Bungudu, sannan Allah ya sauke ta lafiya. Namiji. Malamar ta ce da a inda ba kowa ne, da wani zancen ake yi. Labbo ya aika saƙo ta bakin wani tsohon direban Tsafe, daga shi zuwa wani, har ya kai Marken Daji.

Ranar suna da sassafe Rabi’u ya iso da rago da ƙwaryar goro, shi da wani kawunsa tsoho. Tunda ba su shiga, sai suna ya fito. Liman ya zo bakin gora, aka shimfiɗa tabarmi ciki da waje, aka raba goro ta saman gorar, aka yanka rago a ƙarƙashinta, jinin ya gangara duk ɓangarorin biyu. Aka raɗa wa yaro Anwar. Alhaji Salisu ya zo, ya tsaya daga baya, ya shafa fatiha, ya karɓi goronsa ya tafi. Kawun da Rabi’u duka gari suka ba baya, har liman ya ce bai taɓa yi wa ƙeya addu’a ba sai yau.

Da taro ya fara watsewa, Labbo ya aika aka roƙi gwaggon Rukayya ta fito da jaririn. Ta zo da shi a naɗe cikin zane, an yi masa aski, ta tsallaka waje ta zagaya gaban Rabi’u. A nan Labbo ya ga abin da bai lissafa ba. Rabi’u ya kau da kai gefe, ya kafa wa wata tsamiya ido.

“Kai, ɗanka ne fa.”

“Baba, ɗan fari ne,” in ji Rabi’u da ƙaramar murya.

Labbo ya riƙe haɓa. Ya manta da kunyar ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya san da shi, balle a gaban kawu da gwaggon mata. Mutum ya ratso shingen igiya da rago a hannu, ya yi tafiyar gari uku, kuma kwamiti bai ce ga ranar da zai sake ganin yaron ba, amma ga shi yana nazarin tsamiya.

“Ni na sa wuyana a kan gari don ka zo ka kalli itace?”

Rabi’u bai motsa ba. Kawun ma ya gyaɗa kai, alamar yaro ya yi tarbiyya.

Labbo ya yi ɗan tunani. Sai ya ce wa gwaggo ta kwantar da jaririn a tabarma ta je ta duba ko an raba kan ragon daidai, don ya ga mahaucin nan ba ya tsoron Allah. Ya kama hannun kawun ya ce ya zo gindin ɗorawa, yana da tambaya a kan yadda suke adana dawa a Marken Daji. Ya daka wa ’yan banga harara, su ma suka gano akwai abin kallo a wajen ganuwa. Ya zaunar da tsohon suna fuskantar gabas, ya fara jero tambayoyi, rumbun ƙasa ne ko na kara, toka suke zubawa ko ganye.

Tsohon yana cikin bayanin toka, sai suka ji jaririn ya yi ’yar ƙara irin ta wanda aka ɗaga. Daga nan wata murya can ƙasa-ƙasa tana cewa wani abu da ba a ji sosai. Kawun ya yi kamar zai waiga, Labbo ya riƙe masa gwiwa.

“Tsaya, Malam, ba ka gama ba. Tokar ta kara ce ko ta ice?”